Firji mai yin ƙanƙara da kansa: a auna tsayin tanki kafin a ja masa ruwa

Wata Hajiya daga Kubwa ta tambaya: "Maigida ya sayo mana firji mai ƙofa biyu, irin wanda ake danna kofi a jikin ƙofar ƙanƙara ta zubo. Wata biyu ke nan ɓangaren ƙanƙarar bai taɓa aiki ba, an ce sai an ja masa ruwa daga famfon gida. Gidanmu ba bene ba ne, bohol gare mu da tanki a sama. Wani yaro ya zo ya ce zai huda fayif ɗin sinki ya haɗa cikin minti goma. In bar shi? Me ake buƙata, kuma wane irin bututu ya fi?"

Hajiya, Allah ya sanya alheri a sabon firji. Amma yaron nan ki ce masa ya dakata tukuna, kada ya taɓa miki fayif.

Ba wai aikin ne ke da wuya ba. Haɗa bututun, in kaya sun cika, ko rabin awa ba ya ɗaukata. Abin da ya tsayar da ni a tambayarki kalma uku ce: tanki a sama. Na daɗe ina aikin famfo a garin nan, daga Kubwa har Lugbe, kuma yawancin firjin da ake kirana a kansu ana cewa injin ƙanƙara ya lalace, in na duba sai in tarar lafiyarsa ƙalau. Ruwan gidan ne ba shi da ƙarfin da ake so, kuma wanda ya yi haɗin bai tsaya ya auna ba.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don in kin gane wannan ba mai sake yi miki kame-kame. Firjin ba ya zuƙo ruwa. Ba shi da injin ja irin sumon da ke cikin bohol ɗinku. Abin da yake da shi wani ɗan bawul ne mai aiki da lantarki, a bayansa can ƙasa kusa da kwamfaresa. Duk lokacin da farantin ƙanƙarar ya juye abin da ke cikinsa, sai bawul ɗin ya buɗe na 'yan daƙiƙu, kamar bakwai, ya rufe. Ruwan da ya samu wucewa a wannan ɗan lokacin, wanda ya kamata ya kai wajen rabin kofin shayi, shi ne zai daskare. A akasarin firji agogo bawul ɗin yake bi, ba mudu ba. In ruwan ya zo da gudu faranti ya cika, in ya zo yana jan ƙafa, lokacin rufewa na yi zai rufe, ko da cokali uku ne ya shiga.

Shi ya sa in kin buɗe littafin da ya zo da firjin za ki ga sun rubuta ƙarfin ruwan da suke nema. Da psi ko bar ake auna ƙarfin ruwa. Yawanci daga psi 20 zuwa 120 suke nema, wato daga bar 1.4 zuwa bar 8 da 'yan kai. Wasu kamfanonin daga psi 30 suke farawa, wasu kuma in da matatar ruwa a cikin firjin sai su ce 40. Waɗanda suka ƙera shi sun ɗauka ruwan gwamnati ne ke shigowa gidanki kai tsaye da ƙarfinsa, dare da rana. Ba su san da zancen tanki a kan ƙarfe ba.

Ga lissafin tankin kuwa. Ruwan da ke gangarowa da nauyinsa kawai, duk tsayin mita 10 bar ɗaya yake bayarwa. Gidan da ba bene ba, ƙarfen tankinsa da wuya ya wuce mita 4 zuwa 6. Ki ƙara tsayin ruwan da ke cikin tankin, abin da zai iso kicin ɗinki bai fi bar 0.5 zuwa 0.7 ba. Da ƙyar yake kai rabin abin da firjin ke nema. Kafin ki samu bar 1.4 sai ruwan ya sauko daga mita 14, tsayin bene hawa huɗu zuwa biyar ke nan. Hatta gidajen bene na Gwarinpa da tankinsu ke can saman hasumiya, kicin ɗin ƙasa da ƙyar yake ganin bar ɗaya.

Na sha jin maigida yana ce min ai tankinsa lita 5000 ne, yaya za a yi a ce ba ƙarfi. Ruwa ba ruwansa da faɗi, tsayi kawai ya sani. Tankin lita 1000 da na lita 5000, in a kan ƙarfe ɗaya suke zaune kuma ruwansu ya tsaya daidai da juna, ƙarfinsu ɗaya ne. Kada kuma famfon sinki ya ruɗe ki don kin ga yana cika bokiti da sauri. Shi fayif ɗinsa rabin inci ne, hanya a buɗe. Bututun firji kwatan inci ne daga waje, ramin cikinsa wajen milimita 4 ne kawai, kamar hancin biro, ga matata a gaba, ga bawul. Ruwan da ba a turo shi ba sai ya galabaita kafin ya kai sama.

Wani zai ce ai unguwarsu ruwan gwamnati suke sha, na madatsar Usuma da ke wajen Ushafa. In famfon kicin ɗin kai tsaye yake daga babban layi, sau da yawa ƙarfin yana isa. Sai dai gidaje da dama tara ruwan suke yi a tankin ƙasa, su tura shi sama, sannan ya gangaro, ka ga an dawo gidan jiya.

In aka yi haɗin a haka ba a gyara zancen ƙarfi ba, ga abin da za ki gani. Ƙanƙarar za ta fito ƙanana, ko ta fito ɓawo kawai cikinta fanko, kina taɓawa ta farfashe. Kofin ruwa ɗaya a jikin ƙofa sai kin gaji da tsayuwa, alhali a firjin da ruwansa ya isa bai kamata ya wuce daƙiƙa 10 ba. Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar ita ce, shi bawul ɗin yana dogara ne da ƙarfin ruwan wajen rufewa ruf. In ruwan ya yi sanyin jiki sai ya riƙa ɗiga kaɗan-kaɗan ta ɗan bututun da ke zuba wa faranti ruwa a cikin firiza, ɗigon ya daskare a baki, ya toshe hanya. Daga nan ko dai ƙanƙara ta daina fitowa gaba ɗaya, ko ki wayi gari ki tarar ƙasan firizar ya zama dutse ɗaya, nama da kifi duk sun manne. A nan ne mai gyara zai zo ya ce a sayo sabon inji, a saka, bayan sati biyu a koma yadda ake.

Saboda haka abu na farko shi ne awo. A layin masu kayan famfo a kasuwar Dei-Dei ana sayar da gejin ƙarfin ruwa, mai fuska kamar agogo. A ɗaura shi a makullin ruwan da ke ƙarƙashin sinki ko a famfon injin wanki, a karanta lokacin da tanki yake rabi, ba lokacin da aka gama cika shi ba. In ba a samu gejin ba, igiya ma ta isa: a auna daga tsakiyar tanki zuwa ƙasan kicin, a raba mitocin gida goma, abin da ya fito shi ne bar ɗin. A gida irin naki ina da yaƙinin amsar ba za ta kai ba, don haka mu wuce zuwa magani.

Wanda na fi so, kuma na fi yi wa mutane, shi ne ɗan ƙaramin injin turi na firjin shi kaɗai. Irinsa ne ake sakawa a na'urorin tace ruwan sha, bai fi gwangwanin madara babba ba, da adaftarsa ta wuta. A nemi mai makunnin da ke kashe kansa in layin ya cika, ya tashi in firji ya buɗe bawul. A cikin kabad ɗin ƙarƙashin sinki yake zama, wutar da yake ci kaɗan ce. Sharaɗi ɗaya: soket ɗinsa ya kasance a layi ɗaya da na firjin. In firji yana kan inbata shi kuma injin yana kan wutar gari, to duk sanda aka ɗauke wuta firji zai riƙa buɗe baki ruwa ba ya zuwa. Yana da ɗan gurnani in ya tashi, a sa masa roba a ƙasa don kada katakon kabad ya riƙa amsa masa da dare.

Hanya ta biyu ita ce injin turi na gida duka, mai ƙarfin rabin doki, da na'urar da ke kunna shi in an buɗe famfo. A gindin tanki ake ɗaura shi, yana kai ruwa bar 2 zuwa 3, kuma gaskiya daɗin shawa a gidan da aka saka shi daban ne. Amma ina jan kunnen mutane a kansa, don ya taɓa ba ni kunya. Wani tsohon gida na saka wa, fayif ɗinsa duk na PVC ne da aka haɗa da gam shekaru da dama, ba su taɓa ganin abin da ya wuce rabin bar ba. Na kunna, na zaga banɗakuna, komai lafiya, na karɓi kuɗina na tafi. Da asuba aka kira ni. Wata gwiwa ta saki a cikin silin, injin kuma ya ɗauka famfo aka buɗe, ya yi ta turi har tanki ya ƙare. Na tarar da silin ɗin falo a kan kafet, uwargida tana tsaye da tsintsiya ba ta ce min komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Tun daga ranar ba na saka irin wannan injin sai na rufe duk famfunan gida, na ɗaga ƙarfin, na zauna ina kallon allurar geji ta minti talatin in ga ko za ta sauka. In fayif ɗin gidanku PPR ne, wanda ake narkawa a haɗa da zafi, hankali ya fi kwanciya. A kuma bar wa ruwa hanyar gefe da zai bi in babu wuta.

Ta uku ta fi dacewa da 'yan haya da waɗanda ruwan bohol ɗinsu ba na sha ba ne. Akwai injin da ake zura sandarsa a cikin babbar gorar ruwa mai lita 19, ya tura wa firji kai tsaye. Ba fasa bango, ba taɓa famfon gida, ranar tashi ki naɗe kayanki. Zancen ƙara wa ƙarfen tanki tsayi kuwa, ki bar shi. Mita biyu da za a ƙara bar 0.2 kawai za ta ba ki, kuɗin walda ya tafi a banza.

Tunda gora ta shigo, bari in yi miki tambayar da nake yi wa kowace uwargida kafin in buɗe jakar kayan aiki: ruwan bohol ɗin nan, kuna shan sa? Gidaje da yawa a Abuja da shi suke wanka da wanki da girki, amma sha sai fiya wata ko ruwan gora. To ƙanƙarar da za ta narke a cikin zoɓon yara ruwan tankin ce. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Matatar da ke cikin firjin kuma gawayi ce, an yi ta ne don cire wari da ɗanɗanon kulorin na ruwan gwamnati da ɗan datti, ba a yi ta don mayar da ruwan rijiya ruwan sha ba. In ba ku taɓa kai ruwan an gwada ba, wannan ne lokacin, musamman in bohol ɗin bai da nisa da sokawe. In gwajin ya nuna da matsala, fitilar UV, mai hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, ko na'urar RO, mai tace ruwa ta wata siririyar fata, ce magani. Sai dai ita RO rage ƙarfin ruwa take yi sosai, dole a samu mai ɗan tankin matsi, kuma bayanta roba ake ja, ba jan ƙarfe ba, don ruwanta yana cin jan ƙarfe a hankali.

Ko da ruwan mai kyau ne, ba na haɗa firji da ruwan bohol ba tare da matatar yashi a gaba ba. Kofi ne mai tsawon inci 10 da farin kyandir na tacewa a ciki, mai lamba maikiron 5, wato ƙanƙantar dattin da yake tarewa. A sayi mai jiki garai-garai don ki riƙa ganin launinsa da idonki. Da damina, in jar laka ta fara shigowa, za ki ga ya koma kalar shayi cikin 'yan makonni, sai a canja. Ba shi da tsada, shi zai kare ɗan ragar da ke bakin bawul ɗin firji da kuma matatar ciki, wadda ta fi shi kuɗi nesa ba kusa ba, kuma ita ma duk wata shida ake canja ta. Tankin kansa a wanke shi kafin a yi haɗin. Ki sa a leƙa ƙasansa, za ki gane abin da nake nufi.

Yanzu zancen hudawa. Abin da yaron yake nufi wata 'yar matsa ce mai allura a tsakiya, a rungume fayif da ita a murɗa har allurar ta ɓula shi. Tana zuwa a cikin ledar kayan haɗi da ake shigowa da su daga Amurka, inda fayif ɗin gidaje da yawa na jan ƙarfe ne. Ko a can masu ƙera firji da dama sun rubuta a littafinsu cewa kada a yi amfani da ita, saboda ramin da take yi ɗan tsito ne, yana rage ruwa, yana saurin toshewa. Mu nan fayif ɗinmu roba ne. PVC tsagewa yake yi, PPR kauri gare shi, ramin ba ya fita da kyau. Robar da ke rufe wurin tana bushewa ta fara zufa, ranar da kike son rufewa kuma ba ta rufuwa. Ke da ruwanki dama ba ƙarfi, a sake matse shi ta ramin allura?

Yadda ake yi shi ne a buɗe kabad ɗin sinki. Za ki ga ɗan makullin ruwa a jikin bango, tiyo mai saƙar ƙarfe ya tashi daga kansa zuwa famfo. A kwance tiyon, a ɗaura mahaɗi mai baki uku na rabin inci, a mayar da tiyon a samansa. Bakin gefe yana da ɗan makullinsa da mashigar bututun kwatan inci. Masu sayar da kayan tace ruwa suna da shi a haɗe. Ba yanka, ba gam, kuma firjin ya samu makullinsa na kansa da hannunki zai kai gare shi ba sai an ja komai ba. In akwai hita a gidan makullan biyu ne, a tabbatar na sanyi aka kama. A ƙa'ida na zafi a hagu yake, amma na ga gidajen da aka juya, don haka a buɗe ruwan zafi a taɓa tiyo da hannu.

Kafin a tafi kasuwa a ja firjin a ɗauki hoton bayansa. Wani noti ne na kwatan inci, wani ɗan bututu ne ya leƙo da ake turawa cikin mahaɗi, wani kuma babban zare ne na inci uku bisa huɗu irin na injin wanki. Zaren kayan famfonmu na Ingila ne, na Amurka daban yake. Sukan yi kamar za su shiga, zagaye biyu su cije, mai ƙarfin hannu ya danne da sifana ya cinye zaren. In mahaɗin da ya zo da firjin bai hau da hannu cikin sauƙi ba, a tafi da shi kasuwa a nemo abin da zai haɗa su.

Bututu kuwa, farar robar ruwan sha mai ɗan tauri, wadda ake ja wa na'urar tace ruwa, ita na fi amfani da ita, ta isa. In tazarar gajera ce kuma makullin yana bayan firji, tiyo mai saƙar ƙarfe ya fi kowanne kwanciyar hankali. Jan ƙarfe yana daɗewa, ɓera ba ya iya masa, amma yana lanƙwashewa ya tsuke in ana yawan jan firjin. Abu biyu ne ba na yarda da su. Na ɗaya tiyon lebur na magina, mai laushin nan da ake ganin ruwa a ciki: yana sa ƙanƙara warin roba, yana kumbura, yana zamewa daga mahaɗi. Na biyu ragowar bututun AC da aka ciro daga wani gida. Girmansu ɗaya da na firji, shi ya sa yara ke ɗaukowa, amma mai da gas sun bi ta cikinsa.

Ɓera shi ne babban abokin gabar robar. Bayan kabad ɗin kicin gidansa ne, in ya ji ƙishi kuma zai gwada haƙori. Ni ina zura bututun ne a cikin fayif ɗin wayar lantarki na milimita 20 duk tsawon inda ido ba ya gani. Kada ya bi bayan kukar girki ko oba, kada ya jingina da kwamfaresa, kada rana ta riƙa dukansa ta taga don gansakuka tana fitowa a ciki. A bi hanya mafi kusa, amma a bar rarar mita 2 zuwa biyu da rabi a naɗe a bayan firji kamar gammo, yadda mai shara za ta ja shi gaba ba tare da ta tsinke komai ba. A maƙale bututun a jikin firjin da ɗan kilif, don in an ja, kilif ɗin ya ɗauki nauyin ba mahaɗi ba. In firjin yana ɗaya ɓangaren kicin kuma ƙofa ta raba shi da sinki, gara a fasa a ja PPR na rabin inci a cikin bango a fito da makulli a bayansa. Ba a binne siririn bututu a siminti, ba a binne mahaɗi. In gidan haya ne, a nemi izinin mai gida kafin a taɓa tayil.

Ranar aikin ki tsaya a kansa. A cire firji daga wuta, a rufe makulli, a buɗe famfo ruwan da ya rage ya fita. Farin tef a kan zaren ƙarfe kawai ake naɗa shi, a bi da shi ta ɓangaren da noti ke juyawa in ana ɗaurewa. Inda akwai wosha ta roba ba a buƙatarsa, haka mahaɗin da ake turawa. A yanke bututun da reza mai kaifi, yanka a miƙe. In aka datse shi da filaya ko aka yanka a karkace, bakin zai ji wa zoben robar ciki rauni, sai ɗigo. A tura shi har ya tokare, sannan a ja baya a ji ya kama. In na noti ne, noti ake fara zurawa, sai zobe, sai ɗan ƙarfen da ake cusawa a bakin roba don kada ta lotsa. A ɗaure da hannu, a ƙara kaɗan da sifana. Bakin bawul ɗin firji sau da yawa roba ne, ƙarfin tuwo fasa shi yake yi.

Kafin a haɗa da firjin, a sa bakin bututun a bokiti a buɗe ruwa har ya fito fes, don guntun tef da yashi su fita a nan maimakon su shige bawul. Sannan a haɗa, a buɗe makulli a hankali. Ni takardar tishu nake naɗawa a kowane mahaɗi, don ɗigon da ido ba zai gani ba ita za ta tona shi. A duba bayan awa ɗaya, a sake dubawa da safe kafin a tura firjin jikin bango.

Daga nan a mayar da wuta a zubar da wajen lita 10 ta famfon ƙofa, ana dannawa ana hutawa. Zai yi tari, ya tofa iska, ruwan farko ya fito da baƙi-baƙi. Garin gawayin matata ne, zai washe. Sai a kunna ɓangaren ƙanƙara, a sa firiza a kan 18 ƙasa da sifili. Zubin farko yana iya kai kwana guda kafin ya fito. Biyu ko ukun farko a zubar da su.

Saura wuta, wadda littafin firjin bai ce komai a kanta ba. In aka ɗauke wuta ta daɗe, ƙanƙarar da ke cikin akwati narkewa take yi, ruwan ya biyo ƙofa ya ɗiga a tayil, in wuta ta dawo sauran ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya. Wani ya zo ya danna, ƙarfen da ke turo ƙanƙarar ya cije, motarsa ta ƙone ko robar ta karye. In kin ji yana gurnani ba abin da ke fitowa, ki ciro akwatin ki juye, kada ki ci gaba da dannawa. In unguwarku wuta takan yi rabin yini ba ta zo ba kuma firjin ba ya kan sola ko inbata, ki riƙa kwashe ƙanƙarar kina zubawa a leda a can cikin firiza. Ranar da tanki ya ƙafe ko sumo ya lalace a kashe ɓangaren ƙanƙarar har ruwa ya dawo. Ki kuma duba takardar da ke manne a jikin firjin. In na hannu ne daga Amurka, wutar 110 zuwa 120 yake ci, tamu kuwa 230 ce, sai da tiransifoma mai ɗaukar nauyinsa. In za ku yi tafiyar Sallah, ki rufe ɗan makullin nan, ki kashe injin turi, ki juye akwatin.

Kada kuma ki sa rai zai riƙe miki gida da azumi. In komai ya daidaita, abin da irin wannan injin ke yi a kwana guda bai fi kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, a zafin Maris da Afrilu da ake yawan buɗe ƙofa ma bai kai haka. Ya ishi kofunan shan ruwa na mutanen gida, amma kular kunun aya da za a kai masallaci sai dai ki ci gaba da daskarar da ruwa a robobi kamar yadda kika saba.